Asibitin Firji na Ovide Cheramie

Kowane gari da irin annobarsa. Mu a Bayou Perdrix, can ƙarshen jihar Louisiana ta Amurka inda ƙasa take ƙarewa teku ta karɓa, guda biyu gare mu: mahaukaciyar guguwa da Ovide Cheramie. Guguwar ta fi sauƙi, don ita ba kullum take zuwa ba, kuma ana sanarwa a rediyo kafin ta iso.

Ovide bai taɓa jin an ambaci wata sana'a ya ce bai iya ba. A bakinsa ya tuƙa jirgin sama, ya karɓi haihuwa, ya yi kokawa da kada har kadan ya nemi gafara. Abin da kowa ya sani shi ne ya taɓa yin 'yan watanni a rijiyar mai ta tsakiyar teku yana feraye dankali a kicin, aka gaji aka sallame shi. Tun daga nan ya zama injiniya.

Shekarar da guguwar da aka raɗa wa suna Marcelline ta zo, ta yaye rabin kwanon gidansa, ta cika ƙarƙashin gidajenmu masu tsaye kan ginshiƙai da laka, ta kwantar da turakun wuta. Kowa ya gudu tudu. Da aka buɗe hanya maza suka fara dawowa, matar Ovide kuwa, Eulalie, ta yi zamanta wurin yayarta Noelie a Monroe. Daga can ta kira shi.

"Ovide, abu biyu zan ce, ka ƙirga a yatsunka. Ka karɓo tamfol ɗin da ake rabawa a coci ka rufe rufin nan. Ka naɗe firjina ka fitar da shi bakin titi. Nawa ke nan?"

"Haba Lalie, injiniya guda kike koya wa..."

"Noelie ta samo mini aiki a kicin ɗin makaranta, da ɗan gida a bayan nata. Nan babu ambaliya, babu guguwa, babu kai. Lahadi ta sama zan zo. In na tarar gida ya koma gida, na zauna. In kuwa wani sabon tsarin naka na tarar, tukunyata kawai zan ɗauka."

Duk cika bakinsa, Ovide yana son matar nan kamar ransa. Macen garinmu tana iya yin yaji ta bar tufafinta da takalmanta, a san za ta huce. Amma ranar da ta sauko da baƙar tukunyar ƙarfen da ta gada wurin kakarta, wadda take miyar gumbo, ta kuɓewa da jatan lande, a ciki, to zance ya ƙare.

Maganar firji kuwa doka ce da ko yaron goye ya sani. Firjin da ya yi makonni babu wuta cikin zafin Satumba, cike da jatan lande da kaguwa da naman barewa, ba a buɗe shi, ko leƙe. Ka ɗaure shi tamau da salatif mai ƙarfi, ka rubuta KADA A BUƊE a ƙofar, ka ja shi bakin titi, motar ƙaramar hukuma ta zo ta kwashe. Iyayenmu haka suka yi, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili sau biyu.

Da niyya mai kyau Ovide ya je coci ya karɓo tamfol. A hanyar dawowa ne shaiɗan ya tare shi. Ya dubi titi, ga firji fari fat a ƙofar kowane gida, sun jeru har iyakar gani. Ya taka birki a gaban ƙanin matarsa, Clovis Naquin, wanda ke fama da yashe laka daga kwale-kwalensa.

"Clovis, ka ga dukiya zube a titi? Jahilci ya kashe garin nan."

"Injiniya, dukiyar nan daga nan ma ina jin warinta."

"Garin kofi, gawayi, ruwan tsami. Shi ke nan sirrin. A rijiyar mai na farfaɗo da firjin da ya shekara a ƙarƙashin teku."

"Da wuƙar feraye dankali?"

"Yi dariyarka. Yayarka tana tsammanin ta tarar da mai ɗaura tamfol. Za ta zo ta tarar da mutumin da ya mayar wa kowane gida firjinsa, kamar sabo. Sai mu ga wace makaranta ce a Monroe za ta ja da ni."

"Ni dai na ji ta ce abu biyu."

"Ƙananan mutane ke yin abu biyu."

Kafin la'asar tamfol ya samu aikin da ya fi rufe rufi daraja. Ovide ya ɗaura shi tsakanin ginshiƙan gidansa, ya rangaɗa masa rubutu da jan fenti: ASIBITIN FIRJI. Sannan ya shiga bin titi da a-kori-kurarsa yana loda majinyata. Babu wanda ya hana shi. In mutum ya zo da kansa ya ce zai ɗauke maka mushe daga ƙofar gida, ai sai ka yi masa fatan alheri ka kama masa ɗaya gefen.

Clovis ne kaɗai ya sake tankawa. "Ka san motar hukuma ba ta shiga farfajiyar kowa, ko? Abin da ke bakin titi kawai take ɗauka."

"Majinyatana ba shara ba ne."

Da motar ta zo, direban ya zaga gari bai ga firji ko ɗaya a titi ba. Ya yaba mana da tsabta, ya ce sai zagaye na biyu, wanda Allah kaɗai ya san ranarsa.

Saura firiza guda, ta Gwaggo Zulma Pitre. Tsohuwa ce da ta riƙe rabin yaran garin ranar baftisma, kuma harshenta ya fi almakashi kaifi. Gidanta ya fi na kowa tsayin ginshiƙai, shi ya sa firizar tata, doguwa mai murfi a sama, ta maƙale a baranda an rasa mai sauko da ita.

"Gwaggo, na zo in taimake ki," in ji Ovide.

"Wayyo ni. Guguwa ba ta isa ba?"

Ya yi bayanin tsarinsa yana zana shi a laka da tsinke. Za a ɗaura igiya a firiza, a rataya ta kan gungumen baranda, a ɗaura ɗaya bakin a bayan mota. Clovis zai turo firiza daga sama, shi kuma ya riƙa dawowa da baya sannu-sannu, tana sauka, har ta zauna a bayan motar kamar jaririya. Tsarin bai da laifi, in ka cire direban. Clovis ya tura, igiya ta miƙe, Ovide ya leƙo ta taga yana yi wa 'yan kallo bayanin ilimin nauyi, ƙafarsa ta danne totur. Mota ta zabura baya, firiza ta sako daga sama ta dira kan rufin motar, ji kake rim! Ta lotsa shi har sitiyari, ta tsinke igiya, ta gangara ta faɗa rafi, ta kama hanya abinta.

Ovide ya rarrafo ta taga, hularsa ta koma faifai. "Daidai yadda na tsara. Ta ruwa ya fi sauri."

To, ambaliyar ta fasa wasu kaburbura a maƙabartar coci, an tsinto akwatunan gawa an mayar, sai guda ɗaya da har lokacin ake nema, na Kawu Theophile, mijin Gwaggo Zulma. Saboda haka da mutanen da ke layin karɓar ƙanƙara a coci suka hango dogon akwati buɗu-buɗu da laka yana tafe a kan ruwa, sai maza suka cire huluna, mata suka kama kuka. Fada Anselm ya fito da gudu da ruwa mai tsarki, ya tsaya a gaɓa yana yayyafawa yana yi wa bawan Allah Theophile maraba da dawowa gida. Ana tsakiyar addu'a Ovide ya ɓullo a kwale-kwalen Clovis yana tuƙi da shebur.

"Nawa ne! Kada wanda ya taɓa! Majinyacina ne!"

Gwaggo Zulma ta iso a bayan babur ɗin Clovis, ta dubi akwatin, ta dubi masu kuka. "Ku share hawayenku. Theophile bai taɓa yin saurin nan ba ko yana da rai. Fada, kaguwata ka yi wa addu'a."

Fada ya rufe kwalbarsa a hankali. "To, su ma halittun Allah ne."

Mai hankali da nan ya tsaya. Ovide ya janyo firizar, ya kafa ta a sahun gaba, sauran firji suna tsaye a bayanta layi-layi, kafaɗa da kafaɗa. Rana ta buɗe musu wuta. Suka fara kumbura, wani baƙin ruwa yana tsiyaya ta ƙasansu. Ƙudaje suka zo da danginsu na nesa. Ungulaye suka jeru a kan rabin rufin da Marcelline ta bari, wani ƙaton kada kuma ya fito daga rafi ya tare a ƙarƙashin matakala, bai biya haya ba.

"Injiniya, yaushe za a fara tiyata?" Clovis ya tambaya daga tsallaken titi, ya toshe hanci da hula.

"Babban aiki sai da shaidu. Ranar Lahadi, a gaban Lalie da duk gari."

"Shaidu ai ga su can a kan rufi, har da baƙaƙen riguna."

Gaskiyar ita ce Ovide ya taɓa matsawa kusa da guda ɗaya da wuƙa a hannu, ya kara kunne, ya ji abin ciki yana gunaguni kamar tukunya a wuta, sai ya tuna yana da wani uzuri. Bai faɗa wa kowa ba. Shi kansa ya yi ƙoƙari ya manta.

Lahadi ta zo. Wasu bayin Allah 'yan sa-kai daga tudu suka kafa manyan tukwane a filin coci, daura da gidan Ovide, suna dafa-dukan jatan lande. Abinci mai zafi na farko ke nan tun bayan guguwa, mutane sun gaji da cin na gwangwani, don haka ba wanda ya zauna a gida. Iska ma ta yi mana kara ranar, ta juya tana kai warin asibiti teku. An fito daga sujada, an zauna, an fara zubawa, sai ga Ovide ya hau kan firizar Gwaggo Zulma sanye da farar rigar mahauta da tabaran ninƙaya, buhun gawayi a gefe, gwangwanin kofi a hammata.

"Jama'ar Bayou Perdrix! Tun zamanin kakanni tsoro ke mulkinku! An ce muku kada a buɗe, kun ce to. Yau ilimi ya iso garinku!"

"Ka bari mu ci abinci tukuna, ilimin ya jira!" wani ya yi ihu.

Gwaggo Zulma ta miƙe da sandarta. "Ovide, da hannun nan na riƙe ka aka zuba maka ruwan baftisma, kuma tun ranar nake zargin bai shiga ba. Ni na san abin da na zuba a firizar nan. Na haɗa ka da kabarin uwarka, sauko."

"Gwaggo, anjima da kanki za ki nemi gafarata."

Ya diro, ya zaro wuƙa, ya tsarge salatif. Daidai lokacin iska ta juyo.

Murfin bai jira a ɗaga shi ba, da kansa ya yi sama. Abin da ya fito ba a kira shi wari ba, don wari hanci yake shiga. Wannan ta ido ya shiga, ta kunne, ta haƙora, ya zauna a kan harshe. Cokula suka tsaya a iska. Fada Anselm ya faɗi wata kalma da ba ta cikin littafin addu'a. Ungulayen da suka yi kwana da kwanaki suna jiran wannan rana suka dubi juna, suka tashi gaba ɗaya suka nufi teku.

Ovide, don kada a ce, ya ɗaga gwangwanin kofi ya barbaɗa. "Kun gani? Har ya fara ra..." Numfashin da ya ja don ƙarasa maganar shi ya gama da shi. Ya yi taga-taga da baya, ya bangaji firjin farko, na farko ya bangaji na biyu, sahu ya bi sahu suna zubewa, salatif yana tsinkewa, ƙofofi suna wangalewa, abincin duk gari na wata guda ya malalo titi. Kadan nan, wanda mushe ne abincinsa tun yana ƙarami, ya fito daga ƙarƙashin matakala a guje, ya tsallaka titi ya ratsa tsakiyar taron yana neman ruwa. Tsofaffin da suka shekara suna kukan ciwon gwiwa suka haye tebura kamar 'yan makaranta. Babbar tukunyar dafa-duka ta kife.

Cikin wannan hali wata mota mai tsabta ta tsaya. Noelie, da ke tuƙi, ko gilashi ba ta sauke ba. Eulalie ta fito, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta karanta tamfol, ta dubi rufi, ta dubi mijinta zaune dirshan cikin ruwan kaguwa da tabarau a goshi. Ta tsallake shi ta hau matakala.

Duk da warin, babu wanda ya tafi. Can sai ga ta tana saukowa, baƙar tukunya rungume a ƙirji.

"Ovide, laimar kwaɗi ta tsiro a kan gadonmu."

"Tamfol ɗin... yana aikin talla ne, na ɗan lokaci."

"Firjin kowa na gari yana farfajiyata. Na ga na Clovis, na ga na Fada. Ina nawa?"

Ovide ya waiga ya dubi majinyatansa, sannan ya ɗaga kai ya dubi tagar kicin. Firjin Eulalie yana nan tsaye inda ta bar shi, ko salatif ba a naɗa masa ba.

Ya buɗe baki, kuma a karo na farko tun da aka haife shi, babu komai a ciki. Ta nufi mota. Sai ya ce, da wata ƙaramar murya da ba mu san yana da ita ba, "Lalie, don Allah kada ki tafi." Abin ya ba mu tausayi, duk da cewa shi ya kifar mana da abinci.

Ita ba ta tsaya ba. Gwaggo Zulma ce ta gitta mata sanda.

"'Yata, shekaru ina ce miki ki rabu da sakaran nan. Na janye. Ɗan kwanakin nan kawai kika bar shi, dubi gari. Guguwa ta ɗauke mana rufi, mun jure. Ke in kin tafi, wa zai tare mana wannan?"

"Yaya, ki dubi Allah," in ji Clovis. "Ashe duk shekarun nan ke ce katangar da ke tsakaninmu da shi. Ni zan hau rufin da kaina. Gado ma zan ba ku nawa."

Fada Anselm ya matso, ya toshe hanci. "Kowa da gicciyen da aka ɗora masa, 'yata. Naki dai yana magana ne."

Noelie ta danna ham. Eulalie ta tsaya a tsakiyar titi, tukunya a hannu. Ta dubi motar, ta dubi rafin da aka haife ta a bakinsa, ta dubi mutanen da ke tsaye kan tebura suna roƙonta da idanu masu hawaye, rabi na tausayi rabi na wari. A ƙarshe ta dubi Ovide, ta daɗe tana dubansa. Ta sunkuya ta ajiye tukunyar a kan matakala.

Ai kuwa rai ya dawo wa injiniya. Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Jama'a kun gani? Dama a tsarina, mataki na biyu shi ne..."

"Clovis, miƙo mini salatif."

Ta naɗe bakin Ovide tamau, yadda aka koya mata tun tana yarinya, ta karɓi jan fenti ta rubuta a gaban farar rigar: KADA A BUƊE. Tafin da aka yi ranar ko a bikin aure ba a taɓa yin irinsa ba.

Haka ta riƙa naɗe shi kowace safiya, sai lokacin cin abinci take kwancewa, har ya ɗaure firjin nan ɗaya bayan ɗaya ya ja su bakin titi, nata a farko. Clovis ya cika alkawari ya shimfiɗa tamfol a rufi, rubutun yana kallon sama, don ungulaye su san inda za su guje wa.

Ranar da motar hukuma ta dawo, Ovide yana zaune a ƙarshen layin firji yana hutawa, a naɗe, da rubutunsa a ƙirji. Direban ya loda na ƙarshe, ya dube shi, ya ɗaga kai ya dubi Eulalie da ke baranda tana juya gumbo a baƙar tukunya.

"Uwar gida, wannan ma a ɗauka?"

Ta daina juyawa. Ta ƙura wa Ovide ido har zufa ta karyo masa, yana zare ido yana "mm, mm."

"Bar shi tukuna," in ji ta. "Amma in za ku yi zagaye na uku, ku biyo ta nan."